Sunayen da Kawu Ya Ba Ni a Ka'akiyya

Shekaru sun ja, mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe min, amma yinin da na zauna rubuta sunaye a Ka'akiyya, wata unguwa a Makka, ba zai taɓa fita daga raina ba.

Cikin shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ban daɗe da gama jami'a ba, na je aikin Hajji na sauka wurin kawuna. Ɗan garuwa ne, ya fi shekara ashirin a Makka ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Bayan an sauko daga Mina, wata tawagar 'yan majalisar dokokin ƙasarmu ta neme ni saboda ina jin Larabci. Shugabansu ya ce majalisa za ta zartar da ƙudurin yabon zumuncin ƙasashen biyu, ta kuma karrama Hausawa mazauna Makka. Aikina in tattaro sunayensu. Za a karanta su a zauren majalisa, a kuma miƙa wa hukumar Makka kwafi ɗaya a wurin walima.

Na yi murna, ko da yake maganar kwafin nan ta tsaya min a rai.

Bayan la'asar Kawu ya tara dattawan unguwa, na yi musu bayani. Don in kwantar musu da hankali, na ƙara da abin da shugaban ya faɗa min, wai a Amurka ya ga an yi wa mutanen Koriya mazauna can irin wannan karramawa.

Wani tela mutumin Sakkwato ya ce, "Su mutanen Koriyan, suna da takarda ko babu?"

Na ce ban sani ba.

"Kai da ka yi jami'a ba ka sani ba, mu kake so mu sani?"

Kawu ya ce, "Ɗana, askar ma, 'yan sandan garin nan, sun iya karatu fa." Sannan ya ce, "To, rubuta."

Suka shiga jero min sunaye. Wane mutumin Haɗeja, ya zo a ƙafa ta Chadi da Sudan. Wance mai ƙosai. Duk sunan da aka ambata sai in ga leɓunansu na motsi. Can na kasa kunne, ashe "Allah ya jiƙansa" suke cewa. Na ajiye alƙalami.

"Kawu, duk sun rasu ne?"

"Duk suna maƙabarta. Su suka fara zuwa, su suka cancanta. Kuma ba mai saka su a jirgin Jidda ya mayar da su gida."

Na tsorata kada a ce na yaudari hukuma, don haka da safe na faɗa wa shugaban gaskiya. Ya daɗe yana duban takardar.

"Ba rayayye ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya naɗe ta ya sa a aljihu, bai tambayi dalili ba. Ina zaton ya gane, amma ba ni da tabbas.

Daga baya na ji mutanen wata unguwa sun ba da sunayen kansu, kuma kafin Hajji ya zagayo an mayar da wasunsu gida. Ba zan rantse takardar ce ta jawo ba. Shi dai Kawu bai bar Makka ba har ya koma ga Allah.

Tun ranar na koyi cewa kafin ka karrama mutum, ka tambaye shi abin da karramawar za ta jawo masa. In akwai wanda ya halarci zaman nan da ya rage, ya taimaka ya aiko min da gyaran inda na yi kuskure.