Ranar da Na Mayar wa Inna Ladi Ƙwaryarta

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan rabon da ku ga hoton kekena a shafin nan. Masu cewa aure na ƙara na ɓuya, Allah Ya shirye ku. Jinya na yi, kuma ƙafa ce ta kusa tafiya.

Tun da man fetur ya gagari talaka na jingine mashin, na fito da tsohon keken Babanmu. Duk Asabar na idar da asuba sai in kama hanya daga ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta, ina tuƙi a hankali ta tsakanin gonaki, ina tsayawa gaisawa da abokai. Zangon ƙarshe kullum gidan Malam Sabo ne, abokina tun firamare, can wajen Dawakin Tofa.

Kun san halinmu. Baƙo ba ya mayar da ƙwarya. Gidan farko kunu, na biyu zoɓo, na uku shayi. A gidan Sabo kuwa mahaifiyarsa Inna Ladi ce da kanta take dama min fura. Duk tsadar suga, tana da ƙulli a ɓoye saboda ni, kuma ba ta tashi sai ta ga na kife ƙwaryar.

Ƙishirwa ce ta fara. Sai yawan fitsari, har in sauka daga keke sau biyar kafin in isa. Sai rama. Abokai na tsokanata wai keke ya cinye min tumbi, ni kuma har daɗi nake ji, wai na zama ɗan motsa jiki.

Robar fedar keken ta daɗe da cirewa. Wata Asabar ƙarfen ya yanke ni a babban yatsan ƙafar dama, da yake silifas nake sawa. Mai faci ya ɗiga min baƙin mai ya ɗaure da tsumma, yadda muka saba. Ko zafi ban ji ba, na ce ai ƙaramin abu ne.

Sati uku ciwo bai kame ba. Yatsa ya yi baƙi, ya fara wari. Maiɗakina ta ce, "Malam, yau ko ka tashi mu tafi asibiti, ko in kira Yaya ya zo ya ɗauke ka." Ta san ina jin nauyin yayan nawa.

Nas ta soki yatsan hannuna, ta duba na'ura, ta sake dubawa, sannan ta kira likita. A nan na sha jinin jikina.

Likita ya ce, "Ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Rashin jin zafin nan shi ne babban haɗarin. Yatsan ba zai tsira ba. Ƙafar muke ƙoƙarin cetowa, amma ban yi maka alkawari ba."

Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Tambayar da ta fito daga bakina ita ce, "Likita, zan sake hawa keke?" Ya ce in fara da tsayuwa tukuna.

Aka cire yatsan. Kwana ashirin da shida ina kwance. Gwajin jini kafin karin kumallo, allurar insulin, ƙarin ruwa, sai wankin ciwo. Wankin nan ne ya sa ƙato kamar ni cizon filo. Kowace safiya in aka kwance bandeji, fuskar likita nake kallo, ba ƙafar ba.

Magani ya cinye mashin, ya cinye geron da muka ajiye. Da Yaya ya ce a haɗa da keken, na ce, "Yaya, a sayar da komai, shi dai a bar min. Akwai inda zan koma da shi."

Ran nan likita ya buɗe ciwon ya ce, "Nama ya fara yin ja. Ƙafarka ta tsira." Na rufe fuska da hula na yi kukana.

A gida na fara da sanda, daga ɗaki zuwa zaure. Sai masallaci. Sai na sa wa keke sabuwar feda, na sayi takalmi rufaffe da safa, na fara zagaya gari. Sau biyu ina faɗuwa. Na ce wa ƙafar nan, ni da ke sai mun je gidan Sabo.

Asabar da ta wuce na je. Tafiyar awa biyu ta ci min huɗu.

Gidajen farko da sauƙi, abokai ne, na yi musu bayani. Amma da Inna Ladi ta fito da ƙwaryarta, wallahi tiyatar ta fi min sauƙi. Na karɓa da hannu biyu, na ajiye a gabanta.

"Inna, ki yafe min. Ba zan sha ba."

Ta ce, "Shekara nawa ina dama maka? Yau furata ce ba ta yi ba?"

Na cire takalmi da safa na nuna mata. Ta sunkuya ta ƙirga yatsun da hannunta, ɗaya bayan ɗaya.

"Huɗun nan ne suka kawo ka tun daga Ɗanbatta?"

"Su ne, Inna."

Ta ɗauke ƙwaryar ta miƙa wa Sabo, ta shiga ciki ta dawo da ruwan randa da gyaɗa.

Na gode wa Allah. Na gode wa maiɗakina, da Yaya, da Sabo da ya yi ta sintiri a kaina, da nas-nas ɗin da suka jure mitata.

Jama'a, ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba gajiya ba ce, ku je a gwada jininku. Ciwon ƙafa da ya yi sati bai kame ba, ku bar baƙin mai ku nufi asibiti. Kuma in baƙo ya ce ba zai sha ba, kar ku matsa masa, ba raini ba ne.

Da zan tafi, Inna ta rako ni har zaure, ta tura min ƙullin sugan nan a aljihu.

"Kai wa yara, ni ba ni da mai sha kuma. Asabar kar ka makara."