Murjanin Dakta Habibu

Shekara goma ke nan cif da muka kai Dakta Habibu makwancinsa a nan Madina, Allah ya jiƙansa. Mijin ƙanwata Rabi ne, malamin jami'a. Ni kuwa dabino nake sayarwa a unguwar Harra ta Gabas, bokona da kaɗan ya wuce karanta lambar mota. In kun ga rubutun nan ya karkace, mai shi ne ya fara karkacewa.

Tun ranar da ya ce mini shi masanin teku ne na sa masa ido. Bakano, mazaunin Madina, ina ya ga teku? Sai ga faks na ta shigowa, wai wata ƙungiya a Turai za ta ɗauki nauyin binciken haɗin gwiwa, shi da malaman wasu ƙasashe, a kewayen wani tsibiri can kudancin Bahar Maliya. Na ce me za ku bincika? Ya ce, "Murjani, Yaya."

Nan take na gane komai, a ganina. Murjanin da na sani shi ne wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, mai tsadar gaske. Wato Turawa sun gano inda ake haƙo shi, sun sami namu mai jin Larabci ya shige musu gaba. Da ya ƙara da cewa za a keɓe wurin a hana kamun kifi, na ce shi ke nan, za a kori masunta don kada su ga abin da ake kwasa.

Ya yi dariya har da hawaye. "Yaya, halitta ce mai rai, gidan kifi ce. Kai da ka tashi a haramin Madina, inda ba a sare itace, ba a farauta, ka kasa gane harami a cikin ruwa?"

Na ce, "Namu haramin ai ba ta faks ya zo ba."

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma na kai maganar majalisarmu ta bayan la'asar, na ce surukina ya faɗa fataucin murjani yana ɓoye wa ƙanwata. Kafin mako ta isa har unguwar Ranuna, har mata na aiko wa Rabi a sayar musu. Da tallafin ya yanke bayan tafiya biyu, sai aka ce Dakta ne ya cinye. Ya san bakin da ya fara, bai taɓa fasa gaishe ni ba.

Bayan rasuwarsa Rabi ta buɗe akwatinsa a gabana. Littattafai ne da rubutun hannunsa, cike da sunayen masuntan tsibirin da abin da kowanne ya faɗa masa game da inda kifi ke ƙwai. Sai wani farin dutse mai ramuka kamar busasshen soso. Ta ce, "Ga arzikin nan, Yaya. Kai da ka fi kowa zargi, kai za ka tsare."

Watan jiya wasiƙa ta zo wa 'yarsa Asma'u daga abokan bincikensa. An sami sabon tallafi, za a ci gaba da aikin, suna son littattafan. Ta ce, "Kawu, mu ba su kawai, khalas, shi ke nan." Na san da Dakta na nan, kafin shayi ya huce ya miƙa. Ya yarda da kowa, har da ni. Ni ban yarda ba. Shekara goma ba wanda ya tambayi kabarinsa, yau aka tuna da akwatinsa? Na ce kwafi za su samu, shi ma sai sun rubuto cewa sunansa da na masuntan nan za su fito a gaba. Har yanzu ba amsa. Sunan da na ɓata da bakina, ba zan bari a goge shi ba.

Dutsen yana kan teburina, kusa da sikeli. Masu sayen dabino kan tambaya mene ne, in ce murjani ne na gaske. Sai su yi mini kallon maƙaryaci. Ba na fushi. Na san kallon nan, ni na fara yi wa mai dutsen.