Zauren Kakanmu Ya Shiga Rajistar Tarihi

Jiya da hantsi mun ɗaga diga ke nan za mu fara rushe tsohon zauren gidanmu a Kusada, sai ga wata farar mota ta tsaya. Mutum biyu suka fito da sauri, ɗaya yana ɗaga hannu: "Ku dakata, bayin Allah!"

Kakan babanmu ne ya gina zauren nan da ƙasa da azara. Tun daminar bara bangon gabas ya tsage, ya karkato kan lungun da mutane ke bi zuwa masallaci.

Babban cikin baƙin biyu ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce su ma'aikatan gwamnati ne daga Katsina, wai an saka zauren cikin gine-ginen tarihi. Ba a rushewa, ba a shafa masa siminti.

Baba ya ce, "To yanzu namu ne ko naku?"

"Naku ne, Baba, amma kuma na kowa ne."

Baba ya daɗe yana kallon tsagar. "Madalla. In ya hwaɗo ma wani, wa za a kama, ni ko tarihi?"

Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce zai kai maganar sama.

Sun ɗauki hotuna sun tafi. Muka tokare bangon da itacen giginya, ga hadari yana ta haɗuwa. Wallahi na rasa ko murna zan yi ko tsoro.

Jama'a, wanda gidansu ya taɓa zama tarihi alhali suna ciki, ya faɗa mini yadda ake kwana.