Shekara Bakwai, Har Yanzu Babu Famfon Alwala

Yau shekara bakwai cif da rasuwar Babana, Injiniya Habu. A cikin bus nake rubuta wannan, mun maƙale a Old Kent Road, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake. Umma ta ce in bari sai na huce. Na jira sati biyu, ban huce ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba injiniyan ruwa ne. Kafin mu zo London shi ya haɗa wa wani kulob ɗin golf a arewacin Najeriya hanyar ban ruwa. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. Gari ne da rijiyoyi ke ƙafewa da bazara, mata su yi layi da jarkoki tun safe, amma kulob yana zuƙo ruwan borehole yana shayar da ciyawa don manya su buga ƙwallo. Baba ya ce wannan rashin kunya ne. Ya ce a ba ciyawa ruwan da gari ya gama amfani da shi, na wanka da na wanki da na banɗaki. A tara shi a tafkuna ya kwanta, a tace da yashi, a sa chlorine, sannan a sake shi a fili. Duk sati sai ya ɗibi ruwan a kwalba ya kai lab da kansa.

Kuma abin ya yi. Fili ya yi kore shar, borehole ta huta. Ruwan yana fitowa fari tas, ba wari ba komai. Baba ya ce to a nan haɗarin yake.

Ku tuna abin da aka koya mana tun muna yara. Ruwan alwala shi ne wanda launinsa bai canja ba, ɗanɗanonsa bai canja ba, ƙanshinsa bai canja ba. To ga leburori, masu yankan ciyawa da masu gyaran yashi, azahar ta same su a can ƙarshen fili. Ginin kulob ɗin da nisa, kuma ko sun je ba a barinsu su shiga. Ga famfo a gabansu, ruwa garau. Me kuke zato za su yi? Baturen da aka ɗauko a matsayin consultant ya kawo alluna da Turanci, wai kada a sha. Baba ya ce masa, "Wa ya ce maka sha za su yi? Alwala za su yi. Su kurkure baki sau uku, su shaƙa a hanci sau uku, kullum ta Allah."

Sai ya yi abu uku. Ya sa aka yi wa duk bututu da famfon wannan ruwa fenti purple, wato shunayya, ko daga nesa ka gani ka san ba naka ba ne. Ya zana buta ya soke ta da jan layi, ya yi rubutun ajami a ƙasa, aka buga aka rataya a kan kowane famfo. Ina 'yar shekara tara lokacin, a kan teburin cin abincinmu ya yi zanen, da jar crayon ɗina, har na yi kuka don ya karya min ita. Na uku, ya jawo bututu daban daga borehole har gindin darbejiyar da leburori ke salla, ya kafa musu famfonsu na ruwa mai kyau.

Sai kakata ta rasu, mahaifiyarsa. Ya tafi ƙauye sati uku.

A sati ukun nan aka shirya gasa, manyan baƙi za su zo. Kwamitin kulob ya zauna. Purple yana ɓata hoto, a mayar da bututu kore. Alluna masu buta kuma a cire, kada baƙi su tambaya su ji da wane ruwa ake shayar da ciyawar da suke takawa. Famfon gindin darbejiya aka yanke, aka karkata ruwan zuwa fountain ɗin da ke feshin ruwa don ado a bakin gate. Chlorine ya ƙare, ba wanda ya tuna ya yi order. Leburori suka zo salla suka tarar famfonsu a bushe, ga wani kore kusa da shi yana zuba ruwa fari. Suka cika butocinsu.

Amai da gudawa suka kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Malam Isa, dattijon da ya fi kowa daɗewa yana yankan ciyawa a wurin, bai tashi ba.

Baba ya dawo daga zaman makokin uwarsa ya tarar da takardar kora, wai sakaci. Gari ya ɗauka, Injiniya ya ba mutane ruwan masai. Har suna aka raɗa masa, Injiniyan masai. A makaranta haka ake kirana, 'yar Injiniyan masai, a toshe hanci in na wuce.

Umma nurse ce, ita ta samu aiki a nan, muka biyo ta. Mutumin da ya tsara ruwan fili guda ya koma tura injin yankan ciyawa a wani filin golf can gaba da Dagenham, bus biyu da jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum. Abokin aikinsa, Alhaji Issaka, ɗan zangon Ghana, har yau in ya gan ni a masallaci sai ya ce, "Yarinya, babanka mutum ne. Kowane pampo shi gani, sai shi tsaya shi tambaya, wannan ruwa daga ina ya fito? Manaja har shi gaji da shi." Sai ya yi dariya, sai kuma ya share ido.

Abin da ya fi ci min rai, Baba bai taɓa kare kansa ba. Sau ɗaya na taɓa tayar da zancen, muna wanke-wanke a kitchen. Ya ce, "Da ban tafi ba, da Malam Isa na nan." Na ce, "Baba, mahaifiyarka ce fa ta rasu!" Ya ce, "Na sani. Miƙo min wancan plate ɗin." Shi ke nan. Da wannan ya koma ga Allah. Sai bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa muka ga takardar da ya bar wa kwamiti kafin ya tafi ƙauye. A rubuce, layi-layi: kada a taɓa fenti, kada a cire alluna, kada a rufe famfon darbejiya, a sayo chlorine kafin ƙarshen sati. A ƙasa ga sa hannun Sakataren kulob, ya karɓa. Shekara da shekaru tana kwance ƙarƙashin tsofaffin hulunansa, tare da zanen butar. Baba, Allah ya jiƙanka, amma ina jin haushinka a kan wannan. Ka bari muka girma da sunan nan alhali amsar tana cikin akwatinka.

Yanzu ga duniya ta zagayo. Zafin da ake yi a London ya mayar da ciyawar park ruwan ƙasa, an hana ban ruwa da tiyo, a rediyo kowa ya zama masanin recycled water, wato ruwan da ake tacewa a sake amfani da shi. Ina ji ina tunanin me Baba zai ce. Na san ba zai ce ai na gaya muku ba, ba halinsa ba ne. Zai saurara har su gama maganar tace ruwa da lab da award, sannan ya tambaya a hankali: su wa ke yini a filin, kuma a ina suke wanke fuska?

To sati biyu da suka wuce aka buga mana ƙofa a flat ɗinmu na Camberwell. Sakataren nan ne, yanzu shi ne Chairman. Ya zo London karɓar award, wai kulob ɗinsu abin koyi ne wajen amfani da ruwan da aka tace a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ya zo da kilishi da turare. Aka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a, Umma ta kawo shayi.

"Hajiya," ya ce, "abin da ya wuce ya wuce. Kulob ya yafe wa marigayi. Har mun yanke shawarar sa wa babban tafkin sunansa."

Umma ta ajiye flask a hankali. "Kun yafe masa?"

"Ƙwarai. Ai ɗan Adam ne."

Ya turo min brochure ɗinsu ta WhatsApp in ga yadda wuri ya koma. Bututu duk sun dawo purple, tunda masu ba da award suna son ganin haka. Alluna sabbi fil, da Turanci. Na yi zoom a hoto na uku. Bayan manyan da ke murmushi da sandunansu, can gefe, ƙarƙashin wani famfo purple, ga butocin roba biyu a ajiye, ga tabarma a naɗe.

Na ce, "Alhaji, a ina leburori suke alwala yanzu?"

"Ai akwai arrangement."

"Wane arrangement?"

Ya kalli Umma. "Hajiya, 'yar nan taki ta zama 'yar London. Ba ta san yadda ake magana da manya ba."

Umma ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar, ta ɗora masa a gwiwa. Ya sa tabarau, ya ga sa hannunsa, ya cire tabarau. Ya ce ai tsohon zance ne wannan, a bar wa Allah. Umma ta ce, "Mun bar wa Allah tuntuni. Ɗauki kilishinka, Alhaji, kada ka makara."

Washegari na yi ta bin mutane har na samu lambar Malam Audu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta wancan karon, har yanzu yana aiki a filin. Na tura masa hoton zanen Baba. Ya turo voice note. Ya ce, "'Yar Injiniya, ai mun san butar nan. Mu ba mu taɓa cewa shi ne ba, ba wanda ya tambaye mu ne." Ya ce su tsofaffi da jarka suke zuwa daga gida, sabbin ɗauka ne ba sa ji, suna cewa ruwan ai fari ne. Ya kai zanen business centre an buga masa, ya ɗaura da waya a kan famfunan da ke kusa da darbejiya. Famfon ruwa mai kyau kuwa, har yau babu. Fountain na nan yana feshi.

Don haka Alhaji Chairman, na san kana karanta wannan shafin. Ba ma son tafki. Ka tara leburori da iyalan Malam Isa, ka karanta musu takardar nan da bakinka, har wurin da ka sa hannu. Sannan ka mayar da famfon gindin darbejiya. Jiya na yi scanning ɗin takardar da hoton butocin na tura wa masu award, Umma na zaune kusa da ni, ita ta ce in danna send.

In na auna abin da Baba ya bari, ba yawa. Huluna, akwati, tsarin ruwan da wasu ke karɓar tafi a kansa. Sai buta ɗaya da aka soke da jar crayon, wadda a yanzu haka take rataye a kan famfo a wani fili mai nisa, tana tsare bakin wani bawan Allah da bai taɓa jin sunan Injiniya Habu ba. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Malam Isa. Ni kuma duk Juma'a zan kira Malam Audu in tambaye shi abu ɗaya: an kafa famfon?