Ranar da Fim Ya Cije wa Kawu

Jiya keken ɗinkina ya cije, sai na ji bakina ya ce, "Lallaɓa shi, ƙarfe ba ya son faɗa." Maganar marigayi Kawu ce, yayan mahaifiyata, mai ɗaukar hoto a Daura.

Zamanin da arzikin fetur ya buɗe, kowa na son hoto ban da Inna, mahaifiyata. Sai da ciwo ya ci ƙarfinta ta yarda. Muka zaunar da ita a tsakar gida, sabon mayafinta na ƙamshin turare. Kawu ya ja ɗan hannun da ke tura fim gaba, ya ƙi motsi. Ya kara kyamarar a kunne, ya hura mata iska.

"Yaya, bayana ya gaji," in ji Inna.

"Ko fim ya ƙare, ko haƙoran kyamarar sun yaga shi, wallahi ban gane ba," in ji Kawu.

In ya buɗe ta a rana, hotunan da ya ɗauko a kasuwar Mai'adua za su ƙone. Sai ya cusa ta cikin babbar rigarsa yana lalube, gumi na ɗiga daga gemunsa. Muka ji ƙaras. Ya fito da ita ya ɗauka.

Da aka wanke, ashe hoto biyu ne suka hau juna: ga Inna tana murmushi, ga ƙahonin wani bijimin kasuwar Mai'adua sun tsiro a kafaɗunta. Kawu ya yi ta juya hoton. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta hana a sake.

Shi kaɗai ne hotonta da muke da shi. Allah ya haskaka kabarinsu, ya haɗa su a Aljanna.