Reshen da Nasiru Ya Sare

Layi ɗaya ne rawaya a tsakiyar fararen layuka, can ƙasan allon kwamfutar ofis, kuma har gobe ba zan manta da safiyar da idona ya sauka a kansa ba. Farkon damina ne, ranar kasuwar Kebbe. Na dawo daga bikin ƙawata da lalle a hannu, ina ta murmushi ni kaɗai, na zauna na kunna kwamfuta. Layin yana cewa ba a sami reshe ba, an ɗauko na asali. Na matso na sake karanta shi.

Ku da kuka zo daga baya, bari in fayyace muku. A lokacin muna ɗan ofishinmu na Tambuwal, muna yi wa makiyaya manhajar waya mai magana. Mutum ya taɓa hoton saniya ko na magani, sai murya ta gaya masa yadda ake bayarwa. Muryar tawa ce, don ni aka sa na karanta saƙonnin. Amma ainihin aikina ɗauri ne: in tattara abin da muka rubuta da abin da muka aro, in haɗa su su zama abu guda da za a sa a waya. Abin da ake arowa shi ake kira laburare, wato guntun aikin da wasu suka riga suka rubuta suka bar wa kowa.

Laburaren da ke kunna mana sauti yana da aibi. A kan ƙananan wayoyi, irin na mutanenmu, yakan datse ƙarshen saƙo idan ya yi tsawo. Nasiru, babban mai rubuta mana manhaja, ya kwafi laburaren zuwa ma'ajiyarsa ta intanet, ya gyara, ya aika wa masu shi gyaran. Irin wannan kwafin muke ce wa reshe. Aka tsara cewa wajen ɗauri a fara neman reshen, in babu a ɗauko na asali.

"Na wucin gadi na, Ramatu," in ji shi ranar da ya gama. "Ran da masu abu sunka karɓa, sai mu koma gida."

Ni kuwa da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashina, "mu koma gida" kawai na ji. Na yi watanni ina juya kalmomin a raina. Nasiru dogo ne, mai sanyin magana, idan ya sunkuyo yana nuna mini abu a allo sai haruffan su riƙa yi mini rawa. Bai taɓa ce mini komai ba. Ranar da ya sami aiki a Kaduna zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ramatu, dama..." sai direba ya danna masa oda. Ya ɗaga hannu ya wuce. Na rantse wa kaina ba ni zan fara kiransa ba.

To, ina wajen biki Oga, shugaban ofishinmu, ya yi ɗaurin da kansa, saboda Malam Bello, jami'in lafiyar dabbobi da muke aiki da shi, zai yi sammakon kai manhajar kasuwa. Ɗauri ya fita lafiya, ba wanda zai ga laifinsa. Na ɗauko ƙaramar wayar gwaji na taɓa hoton maganin tsutsar ciki, wanda kowa ke saye a farkon damina. Muryata ta faɗi yadda ake auna shi, ta faɗi lokacin bayarwa, sai shiru. Abin da ya ɓace shi ne jimlar ƙarshe: amma kada a ba saniyar da ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba, yana iya ɓata cikin.

Nan take na kira Malam Bello. Sai a kira na uku ya shiga.

"Malam, kun ba da manhajar?"

"Tun da hantsi, ɗiyata. Tana wurin Sanusi mai caji, shina ta zuba ma mutane. Lafiya?"

Abin da baƙo ba zai gane ba ke nan. A wajenmu ba daga intanet ake sauke manhaja ba, balle a aika gyara ya bi ta. Mai caji ke zuba ta, kamar yadda yake zuba waƙoƙi da wa'azi, daga nan wannan ya tura wa wancan, har rugar da ba mu taɓa jin sunanta ba. Abin da ya fita ya fita. Na roƙi Malam Bello ya tsayar da Sanusi, ya sa a yi shela a kara, wajen cinikin shanu. Oga ya shigo ya ji, ya dafe kai.

"Sake ɗaurewa yanzu-yanzu," ya ce.

"Da me, ranka ya daɗe? Reshen ba ya nan. Kwamfutar kuma an wanke ta wancan makon, babu kwafi."

"To, kira Nasiru."

Haka rantsuwata ta karye a gaban Oga. Na sha tsara yadda wannan kiran zai kasance: da yamma, ana yayyafi, shi ne ya kira. Ga shi ni ce, da gumi a goshi.

"Malam Nasiru, ina reshen?"

"A'a, ko gaisuwa babu? Na sare shi. Masu abu sun rubuto sun karɓi gyara, kin san ba ni son barin tarkace."

"Sun karɓa, amma sun fitar?"

Ya ce bari ya duba. Na ji yana danne-danne. Ashe sun zuba gyaran ne cikin wani sabon gini da ba su gama ba, wanda bai shiga manhajarmu. An kai gaisuwa ke nan, ba a sa rana ba.

"Innalillahi. Ramatu, akwai kwafi cikin tsohuwar kwamfutata, gidan Inna, Jabo. Tafi yanzu, ni kira ta."

Na rataya jakata na hau kabu-kabu. Duk hanya zuciyata biyu: ɗaya tana ganin shanu ana ɗura musu magani, ɗaya kuma, Allah ya yafe mini, tana gyara mayafi. Sau nawa na shiga gidan nan a mafarki, ina durƙusawa, kaina a ƙasa.

Inna tana tankaɗen garin gero na yi sallama. Ta rungume ni kamar ta san ni.

"Ke ta mai magana cikin waya! Shiga, ɗiyata, abin nan shina ɗaki. Sai dai mu ɗaga kaya."

Kayan akwatuna ne sababbi, a jere, suna ƙamshin turare. Kwamfutar tana ƙarƙashinsu a naɗe cikin zane.

"Lefen Nasiru na," in ji Inna tana dariya. "Bayan sallah in Allah ya so. Ɗiyar ƙanena ta, tun suna ƙanana suka son juna. Bai faɗa muku ba? Wanga yaro da nauyin baki!"

Na ce Allah ya sanya alheri. Da hannuna mai lalle na ɗaga akwatunan ɗaya bayan ɗaya. A littafi nan ne ake suma, amma ni ba ni da lokacin suma. Kwamfutar ta ƙi tashi, batirinta ya mutu. Muka kai ta shagon wani mai injin wuta, na zauna a benci ina addu'a har allon ya yi haske. Reshen yana ciki. A wannan karon ban nuna wa ɗaurin hanyar ma'ajiyar kowa ba. Na kwafo reshen gaba ɗaya na zuba shi cikin kayanmu, na ɗaure. Na taɓa hoton maganin, na ji muryata ta kai har "yana iya ɓata cikin". A nan ne hawaye suka zubo, mai shago ya ɗauka murna ce.

Bayan la'asar na isa Kebbe. Shela ta yi aiki, mutane sun dawo da wayoyinsu. Sanusi, wani gajere mai surutu, ya karɓi sabon ɗauri yana kwantar mini da hankali.

"Hajiya, sauran ma za su zaka. Waya kamar saniya ta, duk inda tat tafi kiwo sai ta dawo rijiya. Ni na rijiyar." Sai fuskarsa ta canja. "Af! Baffa Jaɓɓi na Fakku. Shi na fara zuba ma, kuma na gane shi da kwalbar magani. Tun kafin azahar yat tafi."

Malam Bello ya miƙe tsaye. Ya san dattijon. Saniya ɗaya ta rage masa mai haihuwa bayan wata cuta da ta yi masa ɓarna, kuma ba ta daɗe da ɗaukar ciki ba. Wayarsa ba ta shiga. Malam ya tayar da babur, na bi shi a kan wani kabu-kabun. Hanya duk taɓo, hadari yana haɗuwa a gabas, ni kuwa abu ɗaya nake maimaitawa: da muryata za a kashe masa ɗan maraƙi.

Muka same shi a bakin garke, kwalbar a buɗe a gefensa, rabinta babu. Na yi sauri na isa gabansa.

"Baffa, kun ba ta?"

Ya dube ni da kyau, ya karkata kunne. "Sake magana, ɗiyata." Na sake. Ya yi dariya har ya nuna gibinsa. "Ke ta cikin wayar! Na ba bijimai. Waccan ban ba ta ba. Na saurare ki, na sake saurare, kowane karo ina jin kin ja numfashi za ki ƙara magana, sai a katse ki. Nic ce, wagga yarinya da sauran magana bakinta. Ba ni taɓa mai ciki sai na ji ƙarshenta."

Na zauna a kan wani kututture, na faɗa masa ƙarshen da bakina. Ya gyaɗa kai ya sa aka kawo mana nono. Saniyar tana can tana tuƙa, ba ruwanta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Duk abin da aka ce muku na wucin gadi ne, in dai ɗaurinku ya dogara da shi, ku kwafo shi ku ajiye a gida, ku rubuta dalili a kansa. Kada ku yarda ɗauri ya sauya kaya a ɓoye: in abu ya ɓace, gara ya tsaya cik kowa ya gani. Kuma kafin komai ya bar ofis, a saurari saƙo har ƙarshe a kan mafi arhar waya. Mutanenmu suna saurarenmu da kyau, har numfashinmu suna ji.

Nasiru kuwa, bayan wasu shekaru ya bar aikin kwamfuta ya dawo Jabo yana noman albasa. Bara na gan shi a tashar Tambuwal ana loda masa buhuna, furfura ta fara fito masa a gemu. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara, na tambayi iyalinsa. Na ce, "Ranar da za ka tafi ka ce mini dama, ba ka ƙarasa ba." Ya yi ta tunani, ya ce wallahi bai tuna ba, wataƙila makullin ofis ne. Sannan ya ce, "Af, kun koma gida kuwa?"

Na gaya masa masu laburaren ba su taɓa gama sabon gininsu ba, sun watse. Reshensa na wucin gadi shi ne har yau a cikin kowace wayar da Sanusi ya zuba wa manhajarmu. Ya riƙe baki yana kallona, mota tana ta yi masa oda.