Rubutu a Cokali

A ɗakinmu ni ce mai baki. Inna takan ce tun ina goye nake gardama, shi ya sa da ƙodojin Yaya suka daina aiki, ni aka ɗora wa tsaronsa. Yaya ne babbanmu, ɗan kasuwar riɗi, mutumin da yake yini a kan babur tsakanin Lafiya da Assakio yana bin manoma. Ciwo ya zaunar da shi, ya koma zirga-zirgar asibiti wajen wankin ƙoda, inda ake jona shi da inji ya ja jininsa ya tace ya mayar masa.

Likita bai yi mini ɓoye-ɓoye ba. Ya ce tunda Yaya ya daina fitsari, duk ruwan da ya sha yana nan a jikinsa sai ranar wanki, in ya yi yawa kuwa ya hau huhu ya shaƙe shi. Ya nuna mini wata 'yar gora, ya ce iyakar ruwansa na yini ke nan, har da kunu da romo. An riga an gwada ni, an ce ƙodata za ta yi masa. Abin da ya rage shi ne ya yi ƙarfin da zai jure aikin dashe a Abuja.

Na riƙe gorar nan gam. Mai dubiyar da ya zo da lemo ko ayaba, in karɓa da godiya in miƙa wa maƙwabta, har matan unguwa suka sa mini suna soja. Ban damu ba. Amma duk ranar wanki, Yaya na hawa sikeli sai nas ta harare ni, nauyi ya ƙaru. Ƙafafunsa sun kumbura sun ƙi shiga takalmi, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Da likita ya ɗaga ranar tafiyarmu, sai da na yi kukan takaici a bakin ƙofar asibiti.

Wata safiya na fita sayen zare, na manta jaka na dawo. Ina ɗaga labule na tarar da Inna durƙushe a gabansa, ta kafa masa kwanon sha cike da baƙin ruwa.

"Inna! Me nake gani haka?"

"Ke, rage murya," in ji ta. "Wannan ai ba ruwa ba ne, rubutu ne."

Na leƙa ƙarƙashin gadonta, ga jarkoki jere. Kawunmu na Kwandere ya aiko, abokan kasuwar Yaya sun aiko, har maƙwabciyarmu mai sayar da doya, Kirista 'yar Binuwai, ta kawo nata da aka yi wa addu'a a coci. Na juya kan Yaya ina huci, ya sunkuyar da kai.

"Auta, ya zan yi?" ya ce. "In ce wa ayar Allah a'a, ko in ce wa Inna?"

Rubutu ba abin zubarwa ba ne, Inna kuma ba ta jin maganar likita a kan wannan. Na yafa mayafi na nufi zauren malamin da ya koya mana karatun allo, na zayyane masa komai. Ya saurara, ya jawo allo ya yi rubutu, ya wanke shi da ruwan da bai wuce cokali ba.

"Ki ce wa innarku in ji ni, ayar da ke cikin jarka ita ce a cikin cokalin nan," ya ce.

Inna ta karɓa, don malam ne ya faɗa. Maƙwabciyarmu ma ba ta ji haushi ba. "Mama, ba wahala," ta ce, "a shafa mashi nawa a ƙafa, Allah ɗaya ne." Jarkokin rubutun kuwa ni na shanye su sannu a hankali. In an tambaye ni, in ce ai ƙodar da za ta koma wurinsa ce take shan rabonsa tun yanzu.

Kumburi ya sauka, nas ta daina harara ta. Amma na ga abin da hakan ya yi wa Inna. Da zafin Lafiya na bazara, Yaya zai ce, "Inna, ruwa," leɓɓansa a tsattsage, ita kuma ta tashi ta bar ɗakin kamar ba ta ji ba. Ta ɗauke randa ta kai bayan kicin, ta daina shan ruwa a inda zai gan ta. Na tausaya mata, amma ban sassauta ba.

Aka yi aikin a Abuja, bai ba ni tsoro ba ko kaɗan. Na farka da ɗinki a gefen ciki, aka ce ƙodar ta kama aiki tun kafin a fito da Yaya daga ɗakin tiyata. Likitan can ya ce yanzu kam ya sha ruwa sosai, kada ya yi wasa da magungunansa. Inna ba ta je ba, a waya aka gaya mata.

Ranar da muka dawo gida, Yaya ya zauna a tabarmar tsakar gida ana ta barka da arziki. Inna ta ɓace, sai ga ta da kwanon nan dai, ta ɗebo ruwa rabi daga randa. Ta zo gabansa ta tsaya, ba shi take kallo ba, ni take kallo.

"Auta, in ba shi?"

Na ce, "Inna, koma ki ciko shi."